Yadda ake zaɓen gandun dajin da za a je hutu: jagora ga mai tasowa daga Bauchi ko Gombe

Yawancin waɗanda ke dawowa daga kallon namun daji rai a ɓace, abu ɗaya cikin uku ne ya same su. Ko sun je a watan da bai dace ba, ko kwana ɗaya tak suka yi, ko kuma sun tafi neman dabbar da babu ita a wannan dajin sam. Iyali za su ɗauko hanya daga Gombe cikin Agusta, ciyawa ta shanye mota, su zaga Yankari na awa biyu da tsakar rana, su ga gwaggon biri da mugun dawa, su koma gida suna cewa babu komai a ciki. Alhali giwayen suna nan, sun bazu ne cikin daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, domin a damina ko'ina akwai ruwa, babu abin da zai kawo su bakin kogi.

A gandun daji babu wanda zai ɗaure maka zaki a gindin bishiya ya jira isowarka. Abin da kuɗinka ke saya shi ne damar gani, kuma damar tana ƙaruwa ne da abu uku: wurin da ka zaɓa, watan da ka je, da yawan fitar da ka yi cikin daji da sassafe da yamma. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan ukun aka gina su.

Mataki na farko: wace dabba ake son gani?

Kafin a yi maganar kuɗi, a zauna da waɗanda za a yi tafiyar da su, kowa ya faɗi dabba ɗaya ko biyu da in bai gani ba zai ce tafiyar ba ta biya ba. Amsar nan ita ce ke yanke rabin shawarar.

In giwa ce, ba sai an ƙetare iyaka ba. Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri, shi ke riƙe da ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Najeriya, tsakanin 100 da 150 bisa ƙiyasin WCS, wata ƙungiyar kare namun daji. An kafa gandun a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. Ban da giwa, akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina, kada, jan biri, da tsuntsaye sama da iri 350. Akwai zaki, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya ɗora tafiyarsa a kan ganin zaki a Yankari ya ɗora ta a kan sa'a, kuma bai kamata a yi wa yara alkawarinsa ba.

Raƙumin dawa da jakin dawa kuwa ba a Yankari ake neman su ba, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Wurinsu shi ne Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, kusa da Kafin Madaki a kan hanyar Bauchi zuwa Ningi, tafiyar kimanin awa ɗaya daga cikin gari. An kawo dabbobin daga Namibiya a 2006, aka zuba su a killataccen daji. Da yake wurin bai da faɗin Yankari, ganinsu ya fi sauƙi, kuma ana iya zuwa da safe a dawo da la'asar. Ga mai ƙananan yara ko tsofaffin da ba za su jure doguwar jijjiga ba, Sumu ya fi dacewa a fara da shi. A dai kira a ji halin da wurin yake ciki kafin a tashi.

Mai son tsuntsaye ya nufi dausayin Haɗeja da Nguru, musamman Dagona a ƙasar Bade ta jihar Yobe, inda tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mai ƙarfin ƙafa da ke son duwatsu da kurmi ya dubi Gashaka Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, gandun da ya fi kowane girma a ƙasar nan. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu ya shi a Najeriya, kuma a can ake samun biri mai ganga, wato cimfanzi. Sai dai Gashaka wurin tafiyar ƙasa ne, ba na zama a mota ba. Daga Gombe ana bi ta Numan, Jalingo da Bali kafin a kai Serti inda ofishin gandun yake, kuma yini guda ne cur a hanya. Kwana biyu ba za su ishe shi ba.

In kuwa zaki ne dole, ko karkanda, ko damisa, to sai waje. Masai Mara a Kenya da Serengeti a Tanzaniya fili ne fetal mai gajeriyar ciyawa, shi ya sa ake hango zaki daga nesa, kuma a can ne dabbar nan mai ƙirar saniya da gemu, wadda mutanen yankin ke kira nyumbu, ke yin ƙaura sama da miliyan ɗaya tare da jakunan dawa. Kwarin Ngorongoro a Tanzaniya yana daga cikin wuraren da aka fi samun damar ganin baƙin karkanda. Amboseli a Kenya na giwaye ne, ga dutsen Kilimanjaro a bayansu. Akagera a Ruwanda awa biyu da rabi ne daga Kigali, an mayar masa da zakuna a 2015 da karkanda a 2017. Kruger a Afirka ta Kudu yana da kwalta a ciki, mutum na iya hayar mota ya tuƙa kansa. A nan kusa kuma akwai Mole a arewacin Gana, inda ake bin giwaye da ƙafa tare da ma'aikaci mai bindiga, ga tsohon masallacin Larabanga a bakin hanyar shiga.

Mataki na biyu: a haɗa wurin da watan

Wuri da wata shawara ɗaya ce, ba a raba su. Dalilin kuwa ruwa ne da ciyawa. Dabba ba ta nisa da inda za ta sha, kuma ido ba ya ratsa doguwar ciyawa.

A Yankari, kogin Gaji shi ne ruwan da ba ya ƙafewa, ya ratsa gandun da fadamarsa. Da an ɗauke ruwan sama a Oktoba, ƙananan tafkuna za su fara bushewa ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta bushe, a ƙone wani sashe nata, itatuwa su zubar da ganye. Kowane mako dabbobi na ƙara matsowa kwarin Gaji. Zuwa Fabrairu, Maris da Afrilu, kusan duk abin da ke da rai sai ya sauko nan. Waɗannan watanni ukun su ne lokacin Yankari na gaske. Farashinsu zafi ne, domin a Maris da Afrilu ma'auni kan kai digiri 40 da rana, sai an shirya masa. Disamba da Janairu sun fi daɗin jiki, amma ciyawa ba ta gama kwanciya ba, kuma hazon hunturu yana rage nisan gani, yana dusashe hoto. Daga Yuni zuwa Oktoba, a je don wanka a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin gandun, da kallon kore in ana so, amma ban da sa ran giwa. Wasu hanyoyin cikin dajin ma laka kan rufe su. A lokacin kaka kuma giwaye kan fita gefen gandun su shiga gonakin ƙauyuka, abin da ke jawo wa manoman yankin asara mai yawa, kuma yana nufin sun yi nisa da inda motar baƙi ke bi.

Yanzu a ɗora wannan a kan hutun makaranta, tunda shi ke yanke wa yawancin iyalai lokaci. Dogon hutun ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba yana faɗawa ne tsakiyar daminarmu, mafi munin lokaci ga Yankari, Mole da Gashaka. Amma shi ne daidai lokacin Masai Mara, domin garken masu ƙaura suna can daga Yuli zuwa Oktoba suna ƙetare kogin Mara, kuma shi ne ranin Afirka ta Kudu, wanda ke kamawa daga Mayu zuwa Satumba. Hutun Afrilu akasin haka ne: Yankari na kan ganiyarsa, Kenya da Tanzaniya kuma suna cikin babbar daminarsu, wadda ke farawa ƙarshen Maris ta kai Mayu. Hutun Disamba ya dace da Dagona, Gashaka da Mole. Wanda ke son ganin haihuwar nyumbu, da zakunan da ke biye da su, kudancin Serengeti zai nufa wajen ƙarshen Janairu da Fabrairu.

A kuma duba kalandar Musulunci. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa cikin Fabrairu da Maris, wato tsakiyar lokacin Yankari, kuma zagayen daji cikin wannan zafin da ƙishirwa ba ƙaramin aiki ba ne. Ranakun Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi na cikin Yankari, kan cika maƙil, ɗakuna su yi wuya, hayaniya ta yi yawa. Wanda zai iya, ya zaɓi Litinin zuwa Alhamis, mako ɗaya ko biyu bayan Sallah.

Mataki na uku: su wa za a tafi da su?

Yaro ɗan ƙasa da shekara shida ba ya iya zama shiru awa uku a mota, kuma shiru shi ne rabin kallon dabba. Mai juna biyu da mai ciwon baya su guji hanyoyin cikin daji masu gargada. Mai hawan jini, mai ciwon suga da dattawa su guji Maris da Afrilu, su ɗauki Janairu ko farkon Fabrairu, kuma a tafi da maganinsu na kwanakin da rara, domin asibiti na da nisa. Mai asma ya yi la'akari da ƙurar hunturu. Wuraren da ake bin dabba da ƙafa suna da dokar shekaru: ganin gorila a Ruwanda ko Yuganda, alal misali, sai wanda ya kai 15.

Iyalin da ke kula da sutura su san cewa wurin wanka na Wikki na kowa da kowa ne, maza da mata. Da sassafe a ranakun aiki ne ake samunsa babu jama'a.

Mataki na huɗu: tsaro da hanya

Wannan matakin shi ke da ikon soke duk na baya, kuma labarin bara ba ya aiki a kansa. Akwai gandayen da suna da kyau a takarda amma ba wurin kai iyali ba ne a halin da ake ciki: Kamuku a yankin Birnin Gwari, dajin tafkin Kainji, Waza a arewacin Kamaru, da gandun W da Pendjari a iyakar Benin, Nijar da Burkina Faso. Kure, kusa da Yamai, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suke, an kai hari a can a watan Agustan 2020 aka kashe mutane. Ko a Alkaleri, an sha samun matsalar 'yan bindiga a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar. Saboda haka a tambayi ofishin gandun, a tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, a tambayi wani ɗan yankin. In bakinsu ya zo ɗaya, a tafi. In ya saɓa, a ɗaga tafiyar. A sake tambaya ana gobe tashi.

Hanyar Yankari daga Bauchi ita ce ta Gombe. A wajen Dindima ake barin babban titi a yi kudu, a yi tafiyar kusan kilomita 29 zuwa ƙofar gandun a ƙauyen Mainamaji. Abin da baƙi ba su cika sani ba shi ne, daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji. Jimilla kimanin kilomita 110 ke nan daga Bauchi, awa biyu in ba a tsaya ba. Mai tasowa daga Gombe zai wuce garin Alkaleri kafin ya kai mararrabar, ya ware awa uku ko fiye. A tashi da hantsi, a isa kafin azahar ta wuce. Tafiyar dare a wannan hanyar ba ta da wani amfani, kuma ana rufe ƙofa.

A cika tanki tun daga gari. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci kusan lita 22 zuwa da dawowa daga Bauchi, ban da zagayen cikin daji da na'urar sanyaya mota, don haka kada a shiga da ƙasa da lita 40. A duba safaya da jak da ruwan lagireto. Ƙaramar mota na kaiwa Wikki, amma zagayen kwarin Gaji na buƙatar mota mai tsayin ƙafa, domin akwai yashi da kwazazzabai. In babu irinta, a hau ta gandun.

Mataki na biyar: a ƙirga fita, ba kwana ba

Dabbobi suna motsi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Tsakanin nan suna kwance a inuwa cikin duhuwa. Ke nan fita biyu ake samu a rana. Wanda ya isa da magariba ya kwana ɗaya, fita ɗaya ya saya. Wanda ya isa da azahar ya kwana ɗaya, biyu. Wanda ya isa da azahar ya kwana biyu yana da huɗu: yammar isowa, safiya da yammar washegari, da safiyar komawa. Kuɗin mai da na ƙofa kusan ɗaya ne a duka ukun, ɗaki da abinci ne kawai suka ƙaru. A ganinmu kwana biyu shi ne mafi ƙaranci ga Yankari, uku ga Masai Mara ko Kruger, kuma gara ɗaki mai araha na kwana uku da ɗakin alfarma na kwana ɗaya.

Da wannan ma'aunin ake gwada wurare biyu. A tara duk kuɗin tafiyar, a raba da yawan fita. A cikin lissafin a sa mai ko tikitin jirgi, kuɗin shiga na kowane mutum da na mota, kuɗin kyamara inda ake karɓa, ɗaki, abinci, motar zagaye, ɗan jagora da ihsanin da za a yi masa, sannan a ɗora kashi 15 cikin 100 don abin da ba a zata ba. Farashin gida na sauyawa, sai an kira an ji na ranar. Na waje da dala ne, kuma kuɗin ƙofa kaɗai na iya karya kasafi: tun 2024, babban mutum baƙo na biyan dala 100 a rana a Masai Mara daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Mutum huɗu, kwana uku a Agusta, dala 2,400 ke nan kafin a yi maganar ɗaki ko jirgi. Wanda wannan ya fi ƙarfinsa amma yana son Kenya, akwai gandun Nairobi a gefen birnin, mai zaki da karkanda, ana zaga shi a rabin yini.

Shawararmu ga wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba ita ce ya fara da Yankari da Sumu. A nan zai gane ko iyalinsa na jure tashin asuba, ƙura da jira, kafin ya canza naira zuwa dala.

Tsakar rana a Wikki ba ta zama asara. Ruwan na ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu, don haka yara su tsaya ta ƙasa inda bai da zurfi, babba na tsaye a kansu. Akwai ɗakin adana kayan tarihi a sansanin, mai fatu, hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. A cikin dajin kuma akwai kogunan dutse na Marshall guda 59 waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa, da rijiyoyin Dukkey, da tsofaffin matoyar ƙarfe. A gaya wa ɗan jagora tun farko in ana son a haɗa da su, domin suna cin lokacin fita.

Mataki na shida: takardu, ga mai fita waje

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga, da shafuka biyu da ba a buga komai ba. Katin rigakafin shawara dole ne ga ɗan Najeriya a kusan duk waɗannan ƙasashen, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba a barinsa sai makon tafiya. Gana ba ta neman biza saboda yarjejeniyar ECOWAS. Ruwanda na bai wa 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin kwana 30 a filin jirgi. Kenya ta sauya dokarta a 2024 ta sake sauyawa a 2025, saboda haka a duba shafin hukumar shige da ficenta kafin a sayi tikiti. Tanzaniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da sai an tura takardunsu hedikwata an amince, abin da kan ɗauki makonni, don haka a nema wata biyu kafin tafiya, kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Afirka ta Kudu ma sai da biza tun daga gida. In uba ko uwa ɗaya ne zai tafi da yara, a riƙe takardar haihuwarsu da wasiƙar amincewar ɗayan.

Daga Bauchi ko Gombe sai an bi ta Abuja, Kano ko Legas. A bar tazarar kwana guda tsakanin jirgin gida da na waje, domin jinkirin na gida ya sha sa mutane rasa na waje. Ƙananan jiragen da ke kai mutane cikin daji daga Nairobi kilo 15 suke yarda da shi, a jaka mai laushi, ba akwati ba. Ta mota, Nairobi zuwa Mara awa biyar zuwa shida ne. Kenya, Ruwanda da Tanzaniya duk sun haramta leda, a zazzage ta daga kaya tun a gida. Dalar da za a riƙe ta zama sabon bugu marar yagewa, domin ana ƙin tsofaffi.

Mataki na bakwai: tambayoyi kafin a ba da kafin alƙalami

Ko a gida ko a waje, a nemi amsa a rubuce. Masaukin a cikin gandun yake ko a wajen ƙofa? In a waje ne, tafiyar minti nawa ce, domin ɗakin da ke awa guda daga ƙofa ya cinye mafi kyawun lokacin safiya. Kuɗin ƙofa na cikin farashin? Fita nawa ce a rana, ta awa nawa, mutum nawa a mota, kowa na da taga? Ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? A Afrilu wannan tambayar ita ce bambancin barci da kwana zaune. Akwai ruwa a banɗaki? In aka fasa, nawa ake mayarwa?

Abinci ma a yi maganarsa tun kafin a biya. Masaukan Gabashi da Kudancin Afirka kan jera naman alade a karin kumallo, wasu har da naman daji, ciki har da mugun dawa. A rubuta musu cewa halal ake so, in babu tabbas a tsaya kan kifi, ƙwai da ganye. Guzurin kilishi na iya gamuwa da dokar hana shiga da nama a filin jirgi, amma dabino, ƙuli-ƙuli da garin kunu ba su cika samun matsala ba.

Kamfanin waje a duba ko yana cikin ƙungiyar masu harkar, KATO a Kenya, TATO a Tanzaniya. A biya cikin asusun kamfani, ban da na wani mutum, kuma kada a biya duka a karon farko. Shafin Facebook ko Instagram mai kyawawan hotuna ba shaida ba ce, hoton zaki kowa na iya saukewa. In farashi ya yi ƙasa da kuɗin ƙofa da na ɗaki in an haɗa, akwai abin da aka ɓoye. A Yankari kuma a riƙe tsabar kuɗi, domin sabis na yankewa, taransifa na iya maƙalewa.

Abin da za a ɗauka, da yadda ake zama a daji

Farar shadda da babbar riga a bar su a gida. A sa kaya ruwan ƙasa, ruwan toka ko kore mai duhu, masu dogon hannu da ɗan kauri, hijabi ma haka, kuma matsakaici wanda ƙaya ba za ta riƙe ba. Baƙi da shuɗi suna jawo ƙudan tsando, wanda ke da yawa a duhuwar bakin Gaji, cizonsa na ratsa yadi marar kauri. Kaya masu zanen kakin soja haramun ne ga farar hula, a nan da ƙasashe da dama. A sa takalmi rufaffe, a ɗauki hula, tocila, gidan sauro, man shafawa na korar sauro, da ruwan sha lita uku zuwa huɗu ga kowane mutum a rana in bazara ce. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi sabuwar waya amfani, ko guda ɗaya ne a riƙa karɓa-karɓa. Mai zuwa Mara ko Ngorongoro a Yuli da Agusta ya tafi da rigar sanyi irin wadda zai sa a Jos cikin hunturu, domin tudu ne, asubarsu na da sanyi sosai.

A sansanin Wikki, gwaggon biri ne babbar fitina. Ya san leda, ya san kula, ya iya tura ƙofar da ba a sa wa sakata ba, kuma yakan fi kai wa mata da yara farmaki in ya ga abu a hannunsu. A ci abinci a ɗaki ko a gidan abinci, a rufe taga da gilashin mota, kada a ba yaro biskit ya fita da shi. In ya fizge abu, a bar masa, haƙoransa sun fi na kare tsayi. Ba shi abinci da hannu shi ne ya lalata shi tun farko.

A cikin daji ba a sauka daga mota sai ɗan jagora ya ce a sauka. In aka ci karo da giwaye, a tsaya nesa, a bar musu hanya, a yi shiru, kuma direba ya tsayar da motar ta fuskar da zai iya ficewa. Giwar da ta baza kunnuwa, tana kaɗa kai tana buga ƙasa, gargaɗi take yi, a ja da baya a hankali ba tare da hon ba. Uwa mai ɗa ta fi kowacce saurin fushi, kada mota ta shiga tsakaninsu. A bakin ruwa, kada a tsaya tsakanin dorina da kogi, kuma ba a alwala ko wanke hannu a Gaji saboda kada. A yi alwala a sansani kafin a fita, a lissafa la'asar da magariba cikin tsarin fitar yamma, a gaya wa ɗan jagora tun a ƙofa domin ya san wurin da ya dace a tsaya.